Gayyar Tsohon Ɗan Badujala

Tanimu, na ji ka ce busa duk busa ce, in dai abin ya yi ƙara. To gyara zama. A garinmu, zamanin da kunnen mutane ke da ilimi, kowace busa da mai ita. Dogon kakakin tagulla na sarki ne, muryarsa ba ta da yawa, amma in ya saki ɗaya sai tsikar jikinka ta tashi. Farai na itace ne, bayan kakaki yake bi. Begila ta bariki ce, ba ta da maɓalli, leɓe ke yin aikin duka. Mu talakawa kuwa namu shi ne ƙahon gwanki, wanda ake busawa ta gefe. Kuma a wurinmu ba a sa wa gayya rana. Mai gona ya raba goro, sai a jira ruwa. Safiyar da ƙasa ta yi laushi a hau tudun bakin gari a busa ƙaho, kowa ya saɓi fartanya ya nufi gonar mai goro. Wallahi har yau in aka kwana da ruwa kunnena na neman kukan ƙahon nan, ina kewarsa ƙwarai.

Akwai wani tsohon soja, ɗan badujala, da ya ajiye kaki ya dawo gida noma. Ciyawa ta taso wa geronsa, ga gwiwa ta ƙi, sai ya raba goron gayya. Mai busa ƙahon ya rasu tun da bazara, ƙahon na rataye a zauren sarkin noma, ya sha hayaƙi har ya yi baƙi. Da aka yi ruwa matar sojan ta ce ya je ya aro. Ya ce shi da ya busa wa manya a filin fareti ba zai sa bakinsa a abin da ke kuka kamar bajimin sa ba. Ya buɗe akwati ya ciro nasa kakakin na badujala, gajeren nan mai lanƙwasa da maɓallai uku, ya goge shi da toka da lemun tsami har yana ɗaukar ido, ya hau tudu. Kuma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya. Yatsu na rawa, murya na hawa tana sauka, mata suka bar daka suna saurare. Manoma suka tsaya a ƙofar gida suka ji daɗinsu, suka ce 'yan makaranta ne ke gwajin maci, kowa ya kama hanyar gonarsa. Soja ya zauna a gindin ɗorawa, ga ƙoren fura ga akusan tuwo, har rana ta take ba wanda ya ɓullo. Kafin layin gayya ya sake zagayowa kansa, ciyawa ta shaƙe geron, a shekarar rumbun ƙanensa ya ci. Da ya kai kuka wurin sarkin noma, dattijon ya ce masa, "Ai mun ji busa, soja, har mun yaba. Kira ne ba mu ji ba."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kama da wane ba ta wane.