Ƙazamin Mai Kwamfuta

Bawa na ɗaga murfin bayan kwamfutar sai kyankyasai suka watso masa a kan tebur, iyaye da 'ya'ya. Ya ja kujera baya yana a'uziyya. Wani wari ya biyo bayansu, irin na kwanon miyar da aka manta a ƙarƙashin gado.

Duk layin masu gyara na Dubeli an san Bawa da ƙyanƙyami. Mutumin Gusau ne, bai daɗe a Jimeta ba, kuma shi ne wanda za ku gaisa ya faki ido ya wanke hannu. A gida an nuna masa 'yan mata har an gaji. Wata ya ƙi ta saboda farce, wata don ya ga ta lashe yatsa a gidan biki. Sai da ya haɗu da Zuhra, 'yar cikin garin Yola mai farin mayafi da ƙamshin turaren wuta, sannan hankalinsa ya kwanta. Jibi manyansa za su je neman aure, danginta kuma har yanzu ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Abu ɗaya ta roƙe shi, ya riƙe harshensa, don mutanensu ba sa ba mai sakin baki 'ya.

Dattijon da ya kawo kwamfutar, Malam Hamman, yana zaune a benci ya jingina sandarsa da gwiwa. Kyankyasan ko a jikinsa.

"Na yaron ƙanina ne," in ji shi, da irin Hausar tsofaffin garin. "Yana karatu da shi, shi ya mutu. Matana ya ce a kawo wurinka, wai kai ne gwani."

Bawa ya danne dariya, ya koma kan aikinsa. Faifan ajiya ne ya tashi aiki. Ko an kunna sai dai ya yi ta ƙas-ƙas, babu abin da ke fitowa a allo. Dole a sa sabo, a loda manhajar Windo daga farko. Wannan ba komai ba ne a wurinsa, abin da ke tsakaninsa da faifan ne tashin hankali.

Ya ɗaura hanki a hanci, ya ɗauki buroshi. Tsakanin madannai ɓawon gyaɗa ne da busasshiyar miyar kuɓewa, har da gutsuren farce. A ƙasa an manna cingam ya ƙeƙashe. Wasu madannan sun rine da wani ja-ja, nan take ya yanke cewa tofin goro ne. A fanka kuwa wani dogon gashi ya nannaɗe, sai da ya sa tsinke ya zaro shi. Ai shi ke nan ya gama ganin mai ita: wani gardi cikin samarin nan masu tara suma, wanda ke cin tuwo da hannu ɗaya yana danne-danne da ɗayan, in ya gama ya shafe a wando. Haushi ya cika shi har wuya, amma ya tuna roƙon Zuhra ya haɗiye.

Ya zare tsohon faifan da yatsa biyu, ya jefa a leda ya ƙulle. Ya zura sabon, ya ɗaure, ya soka filash ɗinsa mai ɗauke da Windo yana jin tausayinsa, ya kunna. Windo ta fara shiga, lambobi na rarrafe a allo.

Jiran nan ne ya kayar da shi. Hannu ba aiki, hanci cike da wari, ga dattijo ya zuba masa ido. Can Malam Hamman ya tambaya a hankali, wai me ya kashe na'urar.

"Ƙazanta, Baba."

Daga nan baki ya ɓalle. Ya ce shekara da shekaru yana gyara bai taɓa buɗe juji irin wannan ba. Ya ce a gaya wa mai ita, in ta sake lalacewa kada a kawo masa, a kai wa masu kwasar shara. Mutum irin wannan ba zai haɗa kwano da shi ba, ko tabarma ma ba zai zauna inda ya tashi ba. Dattijon yana ta gyaɗa kai, hakan ya ƙara masa ƙaimi.

"Ni laifinsa ma ban gani ba sosai," in ji Bawa. "Tarbiyya ce. Gidan da ya fitar da wannan, ba gidan da mai hankali zai je neman aure ba ne."

"Har gidan?"

"Har gidan, Baba. Ko kyauta aka ba ni."

Malam Hamman ya ce to, madalla.

Kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta, allo ya yi shuɗi tas. Bawa ya ji sanyi a ransa, don ya amayar da abin da ke cinsa, aiki kuma ya zo ƙarshe. Ya zaɓi ƙasa, ya zaɓi harshe, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya sake wankewa. Saura tambaya ɗaya da na'urar ke yi wa kowa kafin ta buɗe, sunan mai ita. Ya ɗora yatsu a kan madannai, bai ko ɗaga kai ba.

"Wane suna zan sa wa gogan, Baba?"

Dattijon ya dogara sandarsa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

"Rubuta Zuhra. Shi ne yaron da manyanka za su zo nema, ni kuma bappansa ne, ni nake bayarwa."