Reshen da Ba Kwando

Ka ce zaman garin nan ya ishe ka, Sallau, ƙafarka sai ƙaiƙayi take yi? To gyara zama ka ji. Wani malami ɗan Indiya da ya koyar da mu lissafi ne ya ba mu wannan misalin tun muna 'yan makaranta, kuma har yau bai bar kaina ba.

A wani ɗan ƙauye can ƙasarsu, gida tamanin ne duka-duka, mutanen ba su kai ɗari biyar ba ko da ka haɗa da na goye. Makarantarsu aji biyu ce, asibiti sai an yi tafiyar rabin yini, mota kuwa sau ɗaya take leƙowa a rana, shi ma in ta ga dama. Shinkafa suke nomawa, suna ɗan tatsar shanu, amma ran garin gaba ɗaya yana cikin wani tafki da kakanninsu suka haƙa. Duk rani in ya ƙafe, kowane gida zai ba da mutum ɗaya a yi gayyar yashe shi. Wanda ya gama nasa aikin sai ya rataye kwandon da ya kwashi laka da shi a reshen gidansu, jikin wata tsamiya da ke bakin tafkin. Ranar da ruwa ya yi wuya, tsohon da ke buɗe magudana ba ya tambayar sunan kowa. Tsamiya yake dubawa, mai kwando shi ke da ruwa.

To akwai wani manomi a cikinsu da Allah bai ɗora wa zama wuri ɗaya ba. Yana tsakiyar aiki, da ya ji ƙugin mota sai ya saki fartanya ya bi ta da ido har ta ɓace. Garin ya yi masa kaɗan, hirar dandali ta gundure shi, lakar nan kuwa ya tsane ta kamar me. Rani na kamawa, mutane na gyaran kwanduna, shi ya ɗaure ƙunshinsa ya yi birni. Ya taɓa dako, ya taɓa leburanci, ya koma gadi, can ɗin ma bai zaunu ba. Damina na faɗuwa ya dawo ya dasa shinkafarsa, sama ta yi ta zuba, ya girbe lafiya lau. Shekara ta zagayo aka sake haka. Sai gogan naka ya fara yi wa masu yashe dariya, wai wahalar banza suke sha. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji.

A shekara ta uku, shinkafa na cikin ɗaukar ciki, ruwa ya ɗauke ƙaf. Kwana goma shiru, kwana ashirin shiru. Gonarsa ta tsattsage kamar faso a diddige. Hankalin mutumin nan ya tashi, abinci ya ƙi shiga, sai safa da marwa yake tsakanin gona da tafki, yana kallon ruwa na wuce tasa yana shiga ta maƙwabta. Da abin ya ci tura ya je ya durƙusa gaban tsohon, ya ce, "Baba, a nan aka yanke min cibiya, gonar nan kuma ta ubana ce." Tsohon ya ce, "Na san ubanka, ɗana. Ga reshensa can, ɗaga kai ka duba." Ya ɗaga. Kwanduna saba'in da tara suna lilo a iska, reshen gidansu kuwa ba komai sai guntun igiyar da ubansa ya ɗaura, ita ma ta ruɓe. Kunya ta rufe shi. Shinkafar ta bushe a tsaye, a shekarar nan matarsa a masussukar mutane ta yi ta shiƙa kafin su sami na tuwo.

Ka lura fa, Sallau, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi. Shi ya sa Bahaushe ya ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.