Tozon Knud

Kafin kowane wasa, Esben Kragelund yakan tuɓe takalmi ya zagaya filin Klitvig. Yau ma bai fasa ba, duk da an kwana biyu ana sheƙa ruwa. Ya tsaya gaban ragar da ke kallon teku, ya danna ƙasa da dunduniya, ya wuce.

Esben mai tsaron baya ne, irin wanda 'yan gaba ke jin sunansa cikinsu ya ɗuri ruwa. Ya buga a Holland, ya buga a Jamus, ya daɗe yana sa rigar Denmark. Da shekaru suka fara ja, manyan ƙungiyoyin Copenhagen suka yi ta rububinsa. Shi kuwa ya tsallake su duka ya zaɓi Klitvig, garinmu na masunta, wanda ko a taswira sai ka ƙura ido.

Ba wanda ya kai Preben Dalsgaard murna. Preben mai kamfanin kifi ne, kuma tun yana da gashi a kai yake shugabancin ƙungiyar. A ranar farko da kansa ya raka Esben ɗakin sauya kaya. Ƙofar nan tana da taurin kai, sai an shure ta daga ƙasa take buɗewa. Kafin Preben ya yi bayani, Esben ya shure ta.

"Ka ga manya," in ji Preben yana dariya. "Har ƙofa ta san su."

'Yan jarida sun tambayi Esben abin da ya kawo shi. Ya ce, "Akwai wanda na zo dominsa." Bai ƙara ba, kuma mu ba mu nemi ƙari ba. Kowa ya san Ulrik Toft, tsohon kocin ƙasa, wanda ya ajiye shi ana dab da tafiya babbar gasa. Ulrik yanzu shi ke horar da maƙwabtanmu, Ravnsund. Kuma da Ravnsund za mu rufe kakar bana.

Kunnen doki ya ishe mu. In aka ci mu, mun gangara rukuni na biyu, kuma Preben ya riga ya rantse a rediyo cewa ranar zai bar kujera. Ƙungiyar nan ita ce ransa. Ko kifinsa bai kai ta ba.

Filinmu yana da aibi ɗaya. Gaban ragar teku akwai wani ɗan tudu da ke kumbura in ruwa ya yi yawa, saboda bututun da ya fashe a ƙarƙashi. Muna kiransa tozon Knud. Shekarun baya, a wani wasan kofi, ƙwallo ta daki wurin ta tsallake mai tsaron gidanmu. Preben ya karɓi lasifika a gaban jama'a ya kori Knud, mai kula da ciyawa, alhali Knud ya gaji da roƙon a gyara bututun. Mutane suka yi wa Knud ihu, wasu har da watsa masa giya. Ko kekensa ya kasa hawa, wani ƙaramin yaro ne ya tura masa shi har gida. Knud bai ga wata bazarar ba, ya rasu. Bututun kuwa yana nan yadda yake, don Preben ya gwammace ya gina wa manyan baƙi rumfar gilashi mai ɗauke da sunansa.

Aka take wasa. Esben ya zama katanga. Ta sama ya tare, ta ƙasa ya share. Ɗan gaban Ravnsund ya sha ƙasa har ya gaji da tashi. Duk sanda Esben ya ƙwace ƙwallo sai ya ɗaga kai ya dubi ɓangaren da Ulrik ke tsaye, mu kuma mu ɗauki sowa. A saman bencin Ulrik rumfar gilashin take.

"Ka gani ko, tsoho?" wani masunci ya ƙwala wa Ulrik. "Wanda ka yar, shi zai binne ka!"

Bayan hutu muka koma tsaron ragar teku. Ba ci. Alƙali ya fara duba agogo, a rumfa har an fara buɗe kwalabe.

Ana dab da tashi ƙwallo ta zo wa Esben, ba kowa kusa da shi. Yana iya watsa ta cikin jama'a a tashi lafiya. Sai ya juya, ya daidaita, ya tura wa mai tsaron gida a hankali, kamar yadda ya yi sau ba adadi. Mai tsaron gida ya ɗaga ƙafa. Ƙwallo ta hau tozon, ta yi tsalle, ta bi ta saman takalminsa ta kwanta a raga.

Ba wanda ya kalli Esben, kowa ya ga abin da ya faru. Sai wata tsohuwa mai sayar da kofi ta juya ga rumfar gilashi.

"Knud ya mutu, Preben! Yau wa za ka kora?"

Nan take dubban bakuna suka ɗauka. Suka yi ta maimaitawa, kofunan giya na dukan gilashin. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum ya ƙi zuwa mini kamar ranar ba.

Esben ya sami Preben a bakin ɗakin sauya kaya, zaune a ƙasa, kwat ɗinsa jiƙe. Ƙofar ta ƙi buɗe masa.

"Kada ka ɗora wa kanka, ɗana," in ji Preben da ƙyar. "Tozon nan ne. Kai baƙo ne, ina za ka san shi?"

Esben ya shure ƙofar, ta buɗe. Ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Kragelund sunan uwata ne, shi ya sa ba ka gane ni ba," in ji shi. "Ni na tura wa Knud kekensa gida."