Baƙon Ranar Alhamis

Mofiz bai gama ɗaga gilashin walda daga fuskarsa ba, tsohon da ke koya musu walda, Ustad Belayet, ya fizge ƙarfen da ya haɗa, da zafinsa, ya wurga cikin duron shara.

"Wannan walda ce ko kashin kaji? Koma ka ja kekenka, jaki kawai!"

Baƙon da ke kurɓar shayi a bakin ƙofa ya yi dariya. Motaleb ke nan, wanda ake kira Shaheb don girmamawa, ɗan kwangilar da ke ɗibar ma'aikata zuwa bakin tekun Sitakunda, inda ake yanka tsofaffin jiragen ruwa, inda mutum kan tafi da ƙafafunsa a dawo da shi a tabarma. Duk Alhamis sai ya leƙo makarantar koyon sana'ar, wai gaisuwa.

Ran Mofiz ya ɓaci. Magidanci da 'ya'ya biyu, a kira shi jaki a gaban sa'annin ƙannensa! Tun asuba yake fita da keken ɗaukar fasinja, daga nan ya wuto aji, da la'asar ya koma kan keken. Idanunsa kullum kamar an zuba barkono. Wallahi ya gaji. Abu ɗaya ke riƙe da shi, takardar shaida, don da ita ake ɗaukar mutum a wurin ƙera sababbin jirage, mai hular kwano da hutun Juma'a. Jarrabawa kuwa saura 'yan makonni.

Abin haushin, sauran ranaku tsohon ba ya ce masa uffan. Sai ya zo ya tsaya a bayansa, ya daɗe yana kallo, hannun nan nasa mai yatsu uku goye a baya, sannan ya wuce abinsa. Amma da Alhamis ta zagayo, bakin ya buɗe ke nan.

Su Liton kuwa, 'yan ajin da waldarsu ke ɓallewa da guduma ɗaya, su ne 'yan lelen Ustad a gaban Motaleb. "Dubi hannu, Shaheb! Wannan yaron da ita aka haife shi." Motaleb ya tafi da Liton ɗin, ba a jima ba ya dawo aji yana sosa ƙeya, an koro shi. Ustad ko a jikinsa, ya nuna masa wurin zamansa.

Ranar nan dai Mofiz bai ɗauki wani ƙarfen ba. Ya zare safar hannu ya ajiye a gaban tsohon.

"Ustad, na bar maka ajinka. Na rantse ba ka ƙara ganin ƙafata a nan."

"Mofiz. Kai, Mofiz, tsaya mana!"

Bai taɓa jin muryar tsohon da roƙo haka ba, amma bai waiwayo ba.

Yana tura kekensa cikin taɓo zuwa rumfar mai shi, yana tunanin abin da zai ce wa Shefali, matarsa da ta yi wata da watanni tana dafa shinkafa gayarta don ya yi karatun nan, sai ga babur ya sha gabansa.

"Hau mu je," in ji Motaleb. "Akwai aiki, ba ruwana da takarda."

"Shaheb, ai da kunnenka ka ji. Ban iya ba."

"Kai dai hau."

Ya hau. Ƙarfin gardama ma ba shi da shi. Suka bi ta gefen teku har baƙin hayaƙi ya rufe su, suka iso filin yanka jirage, mai gadi ya ja musu ƙofar ƙarfe, ya mayar ya rufe. Sai a lokacin Motaleb ya kashe babur, ya dafa kafaɗarsa yana 'yar dariya.

"Shekara da shekaru tsohon nan yana raina mini hankali, yana haɗa ni da tarkace. Sai bana na gano shi. Wanda ya fi kowa hannu shi yake zagi a gabana, don kada in ɗauke shi kafin ya gama."