Inuwar Tabawa

Tun da rana ta fara kashe mutane a tsakar gida aka kafa doka: duk wanda ya kai wa hukuma waƙar abin da ya ɓace, za a ɗaura masa gajimare a saman gidansa.

Shekara guda ke nan maƙwabciyata Tabawa tana shan inuwa da waƙar dakan gero, waƙar da uwata ta koya mana tare. Ni kuwa har kajina sun mutu. Inuwar tana tsayawa cak a kan katangarmu, kamar an yanka da wuƙa.

Yau da safe ta leƙo.

"Yaya Delu, sun ce waƙar ba ta cika ba sai da lugude. Ki zo da taɓaryarki ki yi mini amshi, in ba haka ba gobe za su kwance gajimaren."

Na ce, "Ai na manta."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya.

Da azahar na ji taɓarya ɗaya tana dukan turmin da babu komai a ciki. Duk inda Tabawa ta dakata, sai bakina ya motsa da kansa. Na cusa gefen zane na toshe shi.

Gobe sai mu sha ranar tare.