Gadar da Ta Fito Koriya

Kallo ɗaya Farfesa ya yi wa hoton ƙwaƙwalwar da ke kan kwamfuta ya ja tsaki. Gadar jijiyoyin da ke haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa ta fito koriya, alhali ko ɗalibin shekarar farko ya san ja ya kamata ta fito.

Shekara talatin yana wannan aiki. Na'ura tana bin yadda ruwa ke tafiya cikin jijiyoyi, sai ta ba da jadawalin alkibla mai layi uku. In layi ɗaya ya hau gurbin wani, gabas ta koma arewa, hoton lafiyayye ma sai ya fito kamar na majinyaci.

Likitar da ta kawo hoton tana tsaye a bayansa. Sunanta ya kwanta masa, ya kuma ji nauyin tambaya. Mace ce mai hankali dai, don ta ajiye masa shayi ba sukari tun bai nema ba.

"Likita, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Haka ya zo. An ce jijiyoyin tunawa na mutumin sun lalace. Ina fata kuskuren jadawali ne."

Ya gyara zama, ya ture silifas ɗinsa gefe. Ya musanya layi na ɗaya da na biyu, gadar ta koma ja. Ya tarar an juya alamar ragi a layi na uku, ita ma ya mayar da ita. Jijiyoyi suka miƙe, kowace ta kama hanyarta. Daɗi ya kama shi har ya yi 'yar dariya. Tsohon hannu ai ba wasa ba.

Sai ya gangara inda tunawa take. Dariyar ta tsaya. Jijiyoyin da ya kamata su yi kauri sun sirance kamar zaren tsohuwar riga. Ya sake juya kowane layi, ya gwada duk yadda lissafi ya yarda, har shayin ya huce. Ko'ina na sauyawa, ban da wurin nan.

Tausayi ya cika masa ciki. Ya cire tabarau ya murza idanu.

"Jadawali ya gyaru, amma ciwon gaskiya ne. Ba makawa. Wannan bawan Allah ya kusa daina gane 'ya'yan cikinsa, in ma bai riga ya daina ba." Ya waiwayo, ya ga hawaye a fuskarta. "Haba Likita, kuka a bakin aiki? Yana da iyali? A kira su, ni zan faɗa musu."

Ta durƙusa ta mayar masa da silifas ɗin a ƙafa.

"'Ya ɗaya gare shi, Baba, kuma ta ji. Yau kwana tara ke nan ina kawo maka hoton kanka."