Inda Gammo Ke Zama

"Ba zan yi miki shuku ba," in ji tsohuwar makitsiyar.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Gobe Salla, kuma wannan dogon gashi shi ne abin adon da ta zo da shi unguwar Nima daga ƙauyensu. A ranta ta ce an raina ta ne don tana dako a kasuwa.

"Mma, ai kin yi wa wasu a gabana."

"Su daron doya suke ɗauka a ka? Zauna daidai, ki daina turo min baki."

Tsohuwar ta ture matajin roba, ta ɗauko na katako mai manyan haƙora. Ta shafa man kaɗanya, ta kwantar da kitson gefe-gefe, sako-sako, yadda gammo zai zauna bai tsinke gashi ba.

Da ta gama, ta leƙa ta ga ba kowa, sai ta zame nata ɗankwalin. Tsakiyar kanta fayau take, faɗin tafin hannu, ko sili ɗaya babu.

"Shekara goma ina dako a kasuwar Makola," ta ce. "Ni ban samu mai hana ni ba."

Yarinyar ta durƙusa, ta riƙe hannun nan mai maiƙo da hannu biyu.